Motar da ta gangaro ba direba: nazarin mutuwar Anton Yelchin da batun birkin hannu

Da misalin ƙarfe ɗaya na dare, wayewar garin Lahadi 19 ga Yuni 2016, abokan ɗan wasan fim Anton Yelchin suka nufi gidansa da ke unguwar Studio City a birnin Los Angeles na Amurka. Sun yi da shi za su haɗu domin gwajin wasa, suka ji shiru, shi ne suka biyo sawu. A ƙasan gangaren shiga gidan suka tarar da shi, motarsa ta matse shi da ginshiƙin bulo na akwatin wasiƙu da shingen ƙarfen gidan. Rai ya riga ya yi halinsa. Shekarunsa 27.

An haife shi a Leningrad a 1989, birnin da yanzu ake kira St. Petersburg a Rasha. Iyayensa ƙwararrun 'yan wasan zamiya ne a kan ƙanƙara, sun yi hijira zuwa Amurka yana jariri, kuma shi kaɗai Allah ya ba su. Tun yana yaro ya shiga harkar fim, kafin rasuwarsa kuwa ya yi suna a Hollywood. Sunan nan ne ya sa duniya ta ji labarin, amma abin da ya same shi ya riga ya samu mutane da dama waɗanda babu jaridar da ta san da su.

'Yan sandan birnin sun ce ya sauka daga motar ne na ɗan lokaci, yana bayanta, sai ta sulalo da baya ta same shi. Rahotannin lokacin sun nuna an tarar da injin a kunne, giya kuma tana kan N, abin da direbobinmu ke kira firi. Ofishin binciken gawa na gundumar Los Angeles ya ce hatsari ne, matsewar ƙirji ce ta hana shi numfashi. Motar kuwa Jeep Grand Cherokee ce ƙirar 2015, kuma wata biyu kafin wannan dare kamfanin da ya ƙera ta, Fiat Chrysler, ya sanar da cewa akwai matsala a sandar giyar irin waɗannan motoci, za a mai da su a gyara.

Sandar da ba ta zama inda aka ajiye ta

Duk wanda ya saba tuƙa otomatik ya san hannunsa ne ke riƙe masa giya, ba idonsa ba. Ka tura sandar gaba har ƙurya, ta tsaya can, ka san P ce, wato giyar ajiye mota, ko cikin duhu. Ka jawo ta baya, ka ji ƙas, ƙas, ƙas, ka san ka zo D, giyar tafiya gaba. Wurin da sandar take shi ne shaida. Mutum yana iya shekara ashirin yana tuƙi bai taɓa sunkuyawa ya duba harafin ba.

Sandar Grand Cherokee ta 2014 da 2015 ba haka take ba. Kamfanin ZF na Jamus ne ya ƙera ta, tana aiki da akwatin giya mai hawa takwas. Babu waya ko ƙarfen da ya haɗa ta da akwatin giyar, saƙon lantarki take aikawa. Idan ka tura ta gaba ko ka ja ta baya, da ka saki sai ta koma tsakiya, inda ta fito. Ko motar tana P, ko R (ribas), ko N, ko D, sandar tana nan wuri guda, kamanninta ɗaya. Daga D zuwa P sai ka danne ɗan maɓallin da ke jikinta, ka tura ta wuce matakai uku, kuma matakan a matse suke, ba sa yi wa tafin hannu magana da ƙarfi. Wanda ya tura da gaggawa, ko ya saki tun bai kai ba, sai motar ta tsaya a R ko N, shi kuwa a ransa ya gama. Abin da kawai zai gaya masa gaskiya shi ne ɗan harafi mai haske a kan sandar, wanda sau da yawa hannunsa ne ma ke rufe shi, da wani harafin a allon da ke bayan sitiyari.

Akwai abu na biyu da ya ƙara dagula lamarin. Motar ba ta da makullin murɗawa, maɓalli ake dannawa. A tsofaffin motocin otomatik, makulli ba ya fita sai giya tana P, kuma dokar Amurka ta daɗe da tilasta wannan. Ashe makullin nan mai gadi ne da ba a lura da aikinsa: ka murɗa ka ja, ya ƙi fita, nan take ka gane ba ka sa P ba. Mota mai maɓalli kuwa makullinta yana aljihunka, babu abin da zai riƙe ka a kujera. Kamfanin ya sa wasu matakan kariya: idan an buɗe ƙofar direba giya ba ta P, ƙararrawa za ta yi ƙara, rubutu ya fito a allo, kuma injin ba zai mutu ba ko an danna maɓallin. Sai dai motocin zamani ƙararrawa suke yi a kan komai, bel, fitila, ƙofa, mai, har kunne ya daina ji. Kuma wanda dama ya yi niyyar barin injin a kunne, don zai sauka ne ya ɗauko abu ya dawo, wannan kariyar ba ta shafe shi ba sam.

Abin da aka sani kafin daren

Hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike a kan wannan sanda tun watan Agusta 2015. Zuwa Fabrairu 2016 ta faɗaɗa binciken, bayan ta tattara ƙorafi sama da 300, haɗurra 121 da mutum 30 da suka ji rauni. Daga cikinsu akwai waɗanda ƙashin ƙugunsu ya karye, akwai wanda mafitsararsa ta fashe, akwai mai karayar ƙoƙon gwiwa da mai karayar haƙarƙari. Hukuncin da injiniyoyin hukumar suka yanke a taƙaice shi ne: sandar ba ta tafiya da yadda hankalin direba ya saba, kuma ba ta ba hannu da ido isasshiyar alama, don haka tana ƙara yiwuwar mutum ya shiga giyar da bai nufa ba.

A watan Afrilu 2016 Fiat Chrysler ya amince zai gyara motoci kusan miliyan 1.1 a duniya, sama da 800,000 daga cikinsu a Amurka: Grand Cherokee ta 2014 da 2015, da Dodge Charger da Chrysler 300 na 2012 zuwa 2014. A lokacin kamfanin ya ce yana sane da raunuka 41. Amma gyaran bai kammala ba tukuna. Abin da masu motocin suka fara samu wasiƙar gargaɗi ce, wadda ta ce su riƙa duba harafin P da idonsu kafin su sauka, kuma su riƙa sa birkin ajiye mota sosai kowane lokaci. Manhajar gyaran sai a cikin watan Yuni ta fara isa wurin dillalai. Aikinta shi ne ta jefa motar P da kanta idan ta ga an buɗe ƙofar direba motar tana tsaye alhali ba a sa ba. Lokacin da hukumar ta rufe bincikenta a ƙarshen Yunin, lissafin ya kai haɗurra 266 da raunuka 68.

Wani abu da na kasa haɗiyewa a wannan tarihin shi ne, kamfanin ya riga ya sauya fasalin sandar a sababbin motocinsa: Charger da Chrysler 300 tun ƙirar 2015, Grand Cherokee kuma daga ƙirar 2016. Wato an ga ya kamata a daina ƙera ta, amma ɗaruruwan dubban da ke kan hanya aka bar su da ƙararrawa. Kuma dabarar mota ta sa kanta P idan direba ya fita ba sabuwa ba ce, wasu kamfanonin da ke amfani da sandar lantarki sun riga sun sa ta a motocinsu.

Iyayen mamacin sun kai ƙara a farkon Agusta 2016, suna tuhumar kamfanin da dillalin da ya sayar da motar. Lauyansu ya ce takardar da ke kiran ɗansu ya kawo motar a gyara ta iso gidansa kwana bakwai bayan rasuwarsa. Dillalin ya kare kansa da cewa yadda mamacin ya yi amfani da motar ne ya jawo. A watan Maris 2018 aka sanar da cewa an sasanta a wajen kotu, ba a bayyana sharuɗɗan ba. Saboda haka babu alƙalin da ya raba laifin.

Ni dai a ganina laifin kamfanin ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Idan mutum ɗaya ya yi kuskure, sakacinsa ne. Idan ɗaruruwan mutane, manya masu hankali, waɗanda suka daɗe suna tuƙi, suka yi kuskure iri ɗaya a mota iri ɗaya, to ƙirar ce ke haifar da kuskuren. Ba na kuma cikin masu ɗora wa mamaci laifi. Amma akwai tambayar da ta rage wa duk mai mota, ko da tasa ba Jeep ba ce: a lokacin da ya sauka ya juya mata baya a kan gangare, abu nawa ne ke riƙe da ita?

Me P ke riƙewa, me birkin hannu ke riƙewa

Mutane da yawa sun ɗauka P birki ne. Ba ta taɓa taya ba ma. A cikin akwatin giya akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora, a gefensa kuma ɗan ƙarfe mai kai guda, girmansa bai wuce yatsa ba. Idan ka sa P, ɗan ƙarfen nan ne ke faɗawa tsakanin haƙoran faifan ya hana shi juyawa, kamar yadda sakata ke shiga raminta ta riƙe ƙofa. Shi ya sa idan ka sa P a kan tudu ka ɗaga ƙafa daga birki, za ka ji motar ta ɗan matsa sannan ta tsaya cak tana rawa. Wannan 'yar matsawar faifan ne ke juyawa har haƙori ya daki ƙarfen. Daga nan nauyin motar gaba ɗaya a kansa yake rataye. Washegari ka zo fitar da giya ka ji ta yi tauri, ka ja da ƙarfi ta fita da ƙara gwaf, wannan nauyin ne ka fizge.

Ƙarfen yana da ƙwari, ba kasafai yake karyewa ba. Matsalarsa ita ce sharuɗɗan da yake bukata. Dole ya kasance ya shiga ɗin da gaske, wanda shi ne abin da ya gagara a lamarin da muke magana. A tsofaffin motoci kuma wayar da ke haɗa sanda da akwatin giya tana saki, ko 'yar robar bakinta ta cinye, sai sanda ta nuna P alhali can ciki ba a kai ba. Sannan abin da P ta kulle shi ne ƙarfen da ke fita daga akwatin giya yana juya tayoyi, ba tayoyin kansu ba. Tayoyin biyu da injin ke juyawa suna haɗe ta wani tsari da ke barin ɗaya ta juya gaba ɗaya ta juya baya. Saboda haka idan aka ɗaga ɗaya daga cikinsu da jak, ko ta hau laka mai santsi, ɗayar tana iya birgima motar ta tafi, giya tana P. Masu canza taya a gefen hanya su riƙe wannan.

Birkin hannu kuwa hanyarsa daban ce gaba ɗaya. Waya ce ta ƙarfe ta tashi daga hannunka ta tafi tayoyin baya kai tsaye. Babu ruwanta da man birki, babu ruwanta da akwatin giya, babu ruwanta da ko injin yana kunne. A Grand Cherokee ta waɗannan shekarun feda ce a can gefen hagu da ake takawa da ƙafa, irin wadda ke cikin Sienna da Highlander da yawa, tana buɗe wasu ƙananan takalman birki a cikin faifan tayar baya. A sababbin motoci ɗan maɓalli ne da ke sa ƙaramin inji ya matse birkin baya. Ko wanne iri ne, amfaninsa ɗaya: ko giya tana N, ko direba ya ruɗe, tayoyin baya a kame suke.

Dokokin Amurka kansu sun nuna wanne aka fi dogara da shi. Ana gwada P a kan gangare mai kashi 10 cikin ɗari, wato ƙasa tana sauka mita ɗaya a kowace mita goma, kuma kada motar ta matsa fiye da santimita 15. Birkin ajiye mota kuwa ana gwada shi a kan kashi 20 cikin ɗari, ninki biyu ke nan, ya riƙe motar minti biyar, ko tana fuskantar sama ko ƙasa. Wanda aka ƙera domin tudu shi ne wanda aka fi bari ya yi tsatsa.

A yi ɗan lissafi a ga girman abin. Grand Cherokee ta haura tan biyu. A gangare mai kashi 10 cikin ɗari, ƙarfin da ke jan irin wannan mota ƙasa ya kai nauyin kilo 200 da ɗoriya, buhun masara biyu ke nan ana turo maka ba sassautawa. A gangare mai kashi 15, motar da ta saki daga tsaye za ta ci mita goma cikin daƙiƙa huɗu, ta iso da gudun da ya kusa kilomita 18 a awa. A kan titi wannan ba gudu ba ne. Ga mutumin da ke tsaye da bango a bayansa, ya isa ya kashe. Kuma ba ta zuwa da ƙara, taya ce kawai ke birgima a kan siminti. Shi ya sa ba a bin motar da ta saki da niyyar a tsai da ita da hannu ko a faɗa ciki. Buɗaɗɗiyar ƙofar tana kwashe mutum ta kayar, taya ta bi ta kansa. Abin yi shi ne a kauce, a ɗaga murya don na ƙasa su watse.

Inda lamarin ya taɓa mu

Hanya ta farko a fili take. Kasuwar motocinmu ta tokumbo ce, kuma kaso mai yawa daga Amurka suke zuwa, ta Legas ko ta Kwatano, wasu ma daga gwanjon motocin da suka yi hatsari. Motar da aka loda a jirgi kafin a yi mata gyaran, ko wadda mai ita na farko bai kai ta ba, haka za ta iso da matsalarta, kuma babu wasiƙar da za ta biyo ta Kano ko Maraɗi. Wanda yake da Grand Cherokee ta 2014 ko 2015, ko Charger ko Chrysler 300 na 2012 zuwa 2014, ya dubi sandarsa. Idan tana komawa tsakiya bayan ya saki, ita ce. Lambar jikin motar mai harufa da alƙaluma 17 tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Idan aka shigar da ita a shafin intanet na NHTSA, kyauta zai nuna ko akwai gyaran da ba a yi ba.

Hanya ta biyu ta fi faɗi, domin ta shafi kowace mota. Idan ana maganar ajiye mota a tudu, hankali yakan tafi Jos, ko Mpape da Asokoro a Abuja, ko Hawan Kibo. Amma gangaren da ya fi kusa da mutum yana bakin ƙofar gidansa. Gidajen birane yanzu ana ɗaga su sama da titi saboda ruwan damina, sai a zuba siminti daga bakin kwata zuwa get, gajere amma a miƙe, wani ma ya fi tudun kan hanya tsayuwa. Maigida ya dawo bayan isha'i, babu maigadi, yara sun yi barci. Ya hau kan simintin, hancin motar yana kallon get, ya tura giya, ya bar injin a kunne da fitilu don ya ga kwaɗo, ya sauka. Idan cikin gidan ne ya fi titi ƙasa, yana tsaye ne tsakanin bamba da ƙarfen get, bayansa ga motar, hannuwansa biyu suna kan sakata. Idan gidan ne a sama, motar baya za ta yi, ta faɗa titi inda mai babur ko almajiri ke wucewa. Da safe kuma akasin haka: ya fitar da motar, ya tsai da ita a kan gangaren, ya koma ya rufe get, yaran makaranta suna kujerar baya, ƙaramin yana wasa kusa da sandar giya. Wannan tsayuwa ta rabin minti, wadda mutum ba ya ma ƙirga ta a matsayin ajiye mota, ita ce irin tsayuwar da ta kashe Yelchin.

Ka tambayi masu otomatik me ya sa ba sa sa birkin hannu, amsar kusan ɗaya ce: "Ai otomatik ce, P ta isa." Wani zai ce yana tsoron kada ya manta ya tafi da shi a ɗaure ya ƙone birki. Wani ma bai san fedar da ke gefen ƙafarsa ta hagu birki ba ce. Abin da ke biyo baya sananne ne a gareji. Wayar da ba a motsa ta sai ruwa da ƙura su shiga rigarta ta ci tsatsa ta daskare. Ranar da aka bukace ta, ko dai ta ƙi kamawa, ko ta kama ta ƙi saki. Bakanike zai leƙa ƙarƙashi ya ce, "Alhaji, wannan wayar ai ta mutu tun tuni," Alhaji kuma ya ce a bar ta, tunda ba amfani yake da ita ba. A nan direbobin manyan motoci sun fi mu hankali. Yaron mota ba ya jiran umarni, da an tsaya a hawa ya dira da weji ya cusa a bayan taya, duk da cewa motar tana da birkinta, domin a wannan sana'ar ba a yarda abu ɗaya ya riƙe mota.

Tsarin da ya dace ba shi da wuya, sai dai jerin yana da muhimmanci. Ƙafarka tana kan birki ka ja birkin hannu sosai, har ya kama, ba ƙara biyu na cika umarni ba. Ka sa N, ka sassauta ƙafarka a hankali har ka ji motar ta zauna a kan birkin hannun. Idan ba ta motsa ba, ka sake takawa ka sa P, ka dubi harafin da idonka. Ta haka nauyin yana kan birki, ƙarfen cikin giya yana jiran ko-ta-kwana. Wajen tashi kuma ka taka birki, ka fitar da giya, sannan ka saki birkin hannu. Mai mota mai kuloci ya ja birkin hannu, ya kashe injin, ya bar ta a giya ta ɗaya idan tana kallon sama, a ribas idan tana kallon ƙasa. Wannan ya fi zama dole a motocin da birkin hannunsu ke matse faifan tayar baya kai tsaye, domin bayan doguwar tafiya faifan yana da zafi, idan ya huce sai ya ɗan tsuke, riƙon ya ragu. Mota tana iya tsayawa lafiya ƙalau, bayan minti ashirin ta fara sulalewa ba kowa a kusa.

Kariya ta uku sitiyari ce, kuma ba ta cin ko kwabo. A San Francisco, birnin da ya shahara da tuddai a jihar Kalifoniya, tarar kuɗi ake cin wanda ya ajiye mota a gangaren da ya wuce kashi 3 cikin ɗari bai karkatar da tayoyinsa ba. Mu da ke tuƙi a hannun dama, idan ka tsaya a gefen dama kana kallon gangare, ka karya sitiyari dama, don idan ta saki tayar gaba ta daki dakalin gefen titi. Idan kana kallon hawa kuma akwai dakali, ka karya hagu, bayan tayar ya jingina da shi. Inda babu dakali, kamar yawancin titunanmu, ka karya dama ko ina kake kallo, don ta bar hanya maimakon ta shiga cikinta. Sai dai a duba abin da ke gefen. Idan mai shayi ne ko masu sayar da kaya a zaune, wurin bai dace da ajiye mota ba tun farko.

Akwai wuri ɗaya da zan sassauta. Motar da za a bari makonni ba a taɓa ba, musamman da damina, takalman birkinta suna iya mannewa da ƙarfe idan an bar birkin hannu a ɗaure. Irin wannan a nema mata shimfiɗaɗɗen wuri, a sa ta P ko a giya, a sa weji gaba da bayan taya. Wannan hukuncin doguwar ajiya ne, bai shafi tsayuwar yau da kullum ba.

Duk wannan kuwa ya dogara ne ga birkin yana aiki, kuma gwada shi abu ne na minti biyu. A nemi gangaren da babu kowa a ƙasansa, direba yana zaune a kujerarsa, injin a kunne. Ya taka birki, ya sa N, ya ja birkin hannu, ya ɗaga ƙafarsa a hankali yana shirye ya mayar. Ya juya motar ya sake gwadawa tana kallon ɗaya ɓangaren, domin wani birkin yana riƙewa ta gaba ya saki ta baya. Idan ta ja ciki ko kaɗan, ko kuma sai an ja sandar har ƙurya kafin ta kama, a kai ta gareji a ce a duba wayar da takalman birkin baya. Yawanci ɗaure waya ne ko canza ta, aikin da ba ya cin yini.